Nonon Akuya

Shekarar da aka yi fim ɗin asibitin masu taɓin hankali a Matameye, ni aka ba matsayin babbar ma'aikaciya, kuma ba don na fi kowa iya wasa ba ne. Farar riga gare ni. Maƙwabciyarmu ungozoma ce, ta ara mini tsohuwar bulus ɗinta, wato rigar aikinta, da gargaɗin kada in dawo mata da ita da ko ɗigon miya. Darakta kuwa, wani saurayi ne da ya taɓa riƙe fitila a wurin masu fim a Kano ya dawo yana ji da kansa, ya ce duk wanda ya zo da farar riga ma'aikaci ne, wanda bai zo da ita ba, to Allah ya ba shi lafiya. Haka aka raba mu gida biyu tun ranar farko.

A lokacin na ɗan haura shekara ashirin, ina zaune gida tare da Inna da yayata. Yaya ciwo ne ya dawo da ita gida. Ba ta yi arba'in da haihuwa ba kanta ya juye. Ba ta zagi kowa ba, ba ta yaga tufa ba, shiru kawai ta yi, ta daina barci, ta daina gane jaririyarta. Uwar mijinta, wadda duk unguwa ke kira Hajiya, ta zo ta ɗauki jaririyar daga ɗakin Inna. Mu huɗu ne a ɗakin ranar: Inna, Yaya, ni, da ita Hajiyar. Ana fita da yarinyar sai Yaya ta farga, ta miƙa hannu, nono yana jiƙa mata gaban riga. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta buga cinyarta sau biyu kamar yadda takan yi in za ta yanke magana, ta ce, "Gara jikata ta sha nonon akuya da ta sha naki. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Wannan "kin ji ko ba ki ji ba" tata ce ta kanta. Da ita take rufe ciniki, da ita take sallamar ƴan aiki, da ita take aiken jikoki. Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na haɗiye maganar, ta zauna mini a ƙirji, ban manta ko kalma ɗaya ba.

Aka kai Yaya asibiti a Damagaram, ta yi wata biyu a kwance, ta dawo da ƙiba da rawar hannu da takardar allura ta wata-wata. Amma ta warke. Tana girki, tana salla a kan lokaci, tana soya ƙuli-ƙuli tana sayarwa a ƙofar gida. Manya suka shiga tsakani, Hajiya ta gindaya sharaɗi. Ɗanta ya tafi cin rani Kano, sai saukar damina zai dawo. Idan Yaya ta ƙare ranin nan lafiya, ba wanda ya ji ko ya ga wani abu, to ran da ya dawo ta koma ɗakinta ta karɓi ɗiyarta. Kafin nan an yarda ta je ganin yarinyar duk Juma'a da hantsi. Ba goyo, ba shayarwa, ta zauna a tabarma ta kalla. Yaya ta karɓi wannan hannu bibbiyu. Tun daren Alhamis take wanke zanen da za ta ɗaura, kuma a gidanmu ko tari mai ƙarfi ba ma yi, kada a ce daga ɗakinta ya fito.

A cikin wannan rani ne na shiga fim. Inna ba ta so ba, na ce ai wasa ne na wayar da kai, za a nuna wa mutane cewa masu wannan ciwo mutane ne. Da wannan na rufe mata baki. Gaskiyar magana ita ce ina son a gan ni a waya.

Wani tsohon magazan gyaɗa, wato ɗakin ajiyarta, aka shafa wa farar ƙasa aka mayar asibiti, aka jera gadaje uku na aro. Mu masu fararen kaya mu biyar ne. Marasa lafiya sun kai goma, an shafe su da toka da bula, an birkita musu gashi. Tunda rigunanmu na aro ne ba za mu zauna a ƙasa ba, sai aka ba mu benci a inuwar bishiyar bedi. Su kuma an ce kada su shiga inuwa su jingina da wani abu kwalliyarsu ta goge, don haka suna rana a kan tabarma. In an kawo shinkafa da wake mu muke fara ci, su sai an gama ɗaukar ranar, saboda in sun wanke hannu sai an sake shafa toka. Ba wanda ya shirya wulaƙanci, kowane abu da dalilinsa. Amma kafin kwana uku mun fara aikensu ɗebo ruwa. Mai gyaran waya da ke fitowa a likita har ya fara duba idon mutane yana gaya musu jininsu ya yi ƙasa, ko kyamara ba ta aiki. Ni ma da bakina na ce wa wani dattijo mai jikoki, "Kai, koma layi." Ya koma kuwa.

Babbar marar lafiyar fim ɗin wata bazawara ce daga Ɗan Barto, mai ba da dariya a gidajen biki, bakinta kamar reza. Matsayina ta so, riga ce ba ta samu ba, kuma ba ta yafe mini ba. "Ranki ya daɗe, majo," take ce mini in na wuce, "a taimaka mana da ragowar ƙanzo." Majo shi ne shugaban ma'aikatan jinya, kuma yadda take jan kalmar sai ka ji kamar zagi ne.

Darakta ba ya rubuta komai. Wannan ita ce hanyar aikinsa, kuma yana alfahari da ita. Zai tsaya yana shan rake, ya ce, "Ke kina son ki fita, ke kuma kada ki bar ta. Ku je." Maganar da za ka faɗa daga cikinka za ta fito. To mutum in an ce ya yi magana ba shiri, abin da ke ajiye a ransa shi yake fitowa. Marasa lafiya suka gane cewa a gaban kyamara ne kaɗai suke da damar ramawa. Wanda aka aika ɗebo ruwa jiya, yau zai tofa wa likita yawu a ido ya ce ciwo ne. Bazawarar nan ta cije ni a dantse har sai da shatin haƙoranta ya kwana huɗu. Na kwaɗa mata mari na gaske, kunnenta ya yi ƙara. Darakta ya yi tsalle yana cewa, "Haka nake so! Kada wanda ya tsaya!"

Abu ɗaya ne bai gamsar da shi ba. A labarin, matar an raba ta da jaririnta ne, amma bazawarar haukan kasuwa take yi, tana dariya tana birgima tana cin ƙasa. Ya ce wannan kowa ya saba gani, yana son abin da zai sa mata kuka. Aka yi ta gwadawa abin bai yi ba. Ina zaune a benci ina kaɗa ƙafa, sai na ji bakina ya ce, "Ai ba haka ake yi ba."

Kowa ya juyo. Da na ja bakina na yi shiru da shi ke nan. Amma idon mutum ashirin yana kaina, kuma ga dama ta samu in nuna wa matar nan cewa ban tsaya a riga ba. Na tashi na nuna musu. Na ɗauki zanen goyo na ɗaura a bayana ba komai a ciki, ina jijjigawa a hankali. Na sunsuna tafin hannuna, na sake sunsunawa. Na tsaya ina kallon bango ina motsa leɓe ba sauti. Duk abin da na ga Yaya tana yi a makonnin nan da muka rufe ƙofa don kada maƙwabta su gani, na zube shi a gaban magazan gyaɗa, tsakar rana. Darakta ya ce, "A ina kika san wannan?" Na ce na taɓa gani. Bazawarar ta dube ni ta yi murmushi, don ita ta san inda na gani.

Washegari da na dawo gida na tarar da ita zaune a ƙofarmu tana sayen ƙuli-ƙuli. Ta daɗe tana ciniki. Yaya tana ƙirga mata, hannunta yana rawa, wuyanta a sanƙare saboda allura, tana juyowa da duk jikinta in za ta kalli mutum. Matar tana hira tana dariya, idonta kuwa yana kan hannun. Na gani, na kuma gane abin da take yi. Na shige ciki ban ce komai ba, saboda in na yi magana sai na faɗi abin da ni na fara yi.

Ranar babban fage ta zo. Darakta ya ce, "Ke ki roƙe ta ta ba ki jaririnki. Ke kuma ki hana ta, ki gaya mata maganar da za ta kashe ta a tsaye. Ku je." Bazawarar ta taho da zanen goyo ba kowa a ciki, hannu yana rawa, wuya a sanƙare. Wallahi Yaya ce ta taho. Ta miƙo hannu ta ce, "Ku ba ni ita ko sau ɗaya, nonona yana zuba." Ban yi tunani ba. Na buga cinyata sau biyu, na ce, "Gara jaririyar nan ta sha nonon akuya da ta sha naki. Kin ji ko ba ki ji ba?" Har muryar na ɗauko, da yadda Hajiya ke ɗaga haɓa.

Mai riƙe kyamara ya share hawaye. Ni kuwa daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar na sauke wani kaya da na yi watanni ina ɗauke da shi. A raina na ce yau na rama wa Yaya, gari zai ji abin da aka gaya mata, kuma a bakin muguwar fim zai ji shi. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina wa zai biya ba.

Fim ɗin ya fito ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka. A rumfunan cajin waya ake tura wa mutane shi, kafin mako ya zagayo ya shiga kowane gida. Mata suna surfe suna kallo. Ba a ambaci sunan kowa a ciki ba, amma Matameye ba ta buƙatar suna. Wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a ƙofarmu ya gane hannun, wanda ya taɓa ciniki da Hajiya ya gane cinyar. Abin da na zata zai sa mutane kuka, dariya ya ba su. Yara suka mayar da shi waƙa. In Hajiya ta fito za ta unguwa sai a ji daga bayan katanga, "Nonon akuya! Kin ji ko ba ki ji ba?" A wani gidan suna, wata ta miƙa mata fura ta ce ta sha da kwanciyar rai, na saniya ne, mata suka kwashe da dariya. Hajiya ta ɗauki mayafinta ta fita.

Inna a wayar maƙwabta ta gani. Ta dawo ba ta zage ni ba, ba ta dake ni ba, ta ce, "Mu huɗu ne a ɗakin nan." Ta shiga ta ja labule.

Ranar Juma'a Yaya ta ɗaura zanenta ta tafi kamar kullum. Ba ta jima ba ta dawo. An gaya mata daga bakin zaure cewa yarinyar tana barci. Juma'ar da ta biyo baya ko zauren ba a buɗe ba. Ta zauna a dakalin ƙofar gidan har aka taso daga masallaci, mutane suna wucewa suna kallonta, wasu suna nuna wa juna hannunta. Da ta dawo ta ce mini, "Auta, ara mini wayarki in ga abin nan da ake magana." Na ce ba caji. Ta ce za ta jira. Ta kalle shi daga farko har ƙarshe a tsakar gida, ina tsaye kamar an dasa ni. Da aka zo wurin zanen goyo ta ce, "Ashe haka na yi?" Ba ta san ta yi ba. Ni na sanar da ita, tare da sauran gari.

Na ruga wurin Darakta na ce ya cire fagen. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce fim ya riga ya kai Kance da Maraɗi, har daga Kano an kira shi, in ina iya bin wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya ina gogewa, bismilla. Ya ƙara da cewa ana shirin kashi na biyu, kuma ni da bazawarar ne jama'a ke tambaya.

Daga nan na tafi gidan Hajiya. Na same ta da ƙawayenta uku a rumfa ana tsinke zogale. Na durƙusa tun daga nesa, na ce, "Hajiya, ki yi wa Allah ki yafe. Laifina ne ni kaɗai. Yaya ba ta san komai ba."

"A'a, ga tauraruwa," in ji ta. "Matso mana. Ai ni ban gani da kyau ba, idona ya yi rauni. Tashi ki yi mana."

Na ce ta yi haƙuri.

"Tashi ki yi, na ce. In kina son a yi maganar yayarki."

Na tashi. Na buga cinyata sau biyu, na faɗi maganar. Ta ce ba ta ji ba, in ɗaga haɓa kamar yadda na yi a fim. Na sake. Sau uku ta sa ni, ƙawayenta suna kallon ƙasa, ɗaya tana danne dariya da gefen mayafi. Da na gama ta kakkaɓe ganyen da ke cinyarta ta ce, "To, kin iya. Ni dai na ce rani guda ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Yanzu akwai wanda bai gani ba daga nan har Tsauni? Da ciwon kaɗai ne da na haƙura, ciwo na Allah ne. Amma gidan da ake magana a ɗaki a tsince ta a waya, jikata ba za ta tashi da su ba. Ki gaida Innarku."

Mijin Yaya ya dawo da ruwan farko. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai kuma taɓa musa wa uwarsa ba. A Kano ma abokan sana'arsa sun nuna masa fim ɗin. Bai zo gidanmu ba, kawunsa ya aiko da takardar saki. Bayan girbi ya kwashe uwarsa da ɗiyarsa ya koma da su can gaba ɗaya.

Duk gari ya zuba ido ya ga Yaya ta sake zarewa. Ni ma na jira, kuma Allah ya yafe mini, da ta zare da na samu sauƙi, da na ce ai ko ba ni ciwon zai dawo. Ba ta zare ba. Duk wata takan shiga mota ita kaɗai ta je Damagaram ta karɓi allurarta ta dawo. Ta ci gaba da suyarta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, tana zuba mini abinci, tana yi mini kitso da hannun nan mai rawa. Na yi ta jiran ranar da za ta zage ni in huta, ba ta zo ba. Kashi na biyu ban shiga ba, wata suka samu mai farar riga.

Shekara shida bayan haka Hajiya ta rasu, aka dawo Matameye zaman makoki. Yaya ta ce za ta je gaisuwa, in raka ta. Ta sayi ƴan kunne ƙanana da takalmin roba, ta yi ta juya takalmin tana tambayata ko zai yi wa mai shekara shida da rabi. Na ce zai yi, ni da ban taɓa auna ƙafar yarinyar ba.

Gidan cike yake da mata. Muka gaisa, muka yi addu'a, muka zauna a gefen tabarma. Can sai ga yarinyar ta fito daga ɗaki da kwanon ruwa, doguwa, da goshin Yaya sak. Yaya ta kama gwiwata ta matse. Yarinyar ta zo wucewa ta dube ni, ta tsaya, fuskarta ta washe. "Lah, ke ce likitar nan!" ta ce. Ashe ƴan uwanta na Kano sun sha nuna mata fim ɗin, suna gaya mata wace ce wace.

Wata tsohuwa daga cikin dangi ta ce, "Ke, ajiye kwanon nan ki gaida uwarki. Ga ta nan kusa da ita."

Yaya ta miƙa mata ledar takalmin, hannunta yana rawa, ta juyo da duk jikinta. Yarinyar ta kalli hannun. Ta saki kwanon, ta zagayo da gudu ta shige bayana, ta ƙanƙame mini mayafi da hannu biyu. Ina jin bugun zuciyarta a gadon bayana. Ta kai bakinta kunnena, amma kowa ya ji.

"Ki riƙe ta," ta ce. "Don Allah kar ki bari ta zo."

Yaya ta ajiye ledar a tabarma, ta tura hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. Ta ce mini, "Gaya mata kin riƙe ni, Auta. Ta daina tsoro."

Na gaya mata.